Yadda Taiga Ya Tona Mini Asiri a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da irin zufar da ta karyo mini wata yamma a Kaura Namoda, a tsakiyar sanyi kuwa, kuma duk a kan kare. Karen ma ba nawa ba.

A lokacin ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina hayar ciki da falo kusa da tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa. Jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da rabuwa da Sakkwato ba, ga shi an ƙaddamar da Shari'a a Gusau, gari ya ɗauki sabon salo. Gidajen giya sun rufe, 'yan kabu-kabu sun daina ɗaukar mata, wanduna sun ɗage sama, duk wanda ka gani ya fara tara gemu. Ni ma na tara nawa (in dai za a iya kiran 'yan silin gashin da suka leƙo mini a haɓa gemu). Gara in faɗi gaskiya, ba tsoron Allah ne kaɗai ya sa ni ba. Ina neman auren Luba, kuma magana ta kai inda manya suka ce a ba su lokaci su yi bincike.

Duk wanda ya taɓa neman aure a ƙasarmu ya san wuyar wannan lokaci. Ba ka san wanda aka sa ya sa maka ido ba. Ko ladan ne, ko mai wankin hula, ko tsohuwar da ke sayar maka da koko. Sai na koma mutumin sahun gaba, na daina tsayawa kallon dara, dariya ma na rage mata ƙarfi. Mahaifin Luba (sunansa ba zai fito daga bakina ba, har gobe surukina ne, Baba Alhaji muke ce masa) ɗan kasuwar hatsi ne, mutumin Moriki, ba mai yawan magana ba. An ce ya taɓa sallamar wani mai neman yayar Luba don kawai ya gan shi yana shan rake a tafe. Ni kuwa ina son Luba so mai tsanani, irin wanda in na tuna za a iya hana ni ita sai abinci ya fita raina.

Ana cikin haka ne maƙwabcina Mista Fidelis, mai kemis, ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Mutumin kirki ne ƙwarai. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni shi ya goya ni a babur ɗinsa zuwa asibiti, matarsa ta yi ta dafo mini farfesu har na miƙe. Ya ce za su gida Kirsimeti, kuma da yake uwargida ta tsorata da jita-jitar da ake yi, za su ɗan jima su ga yadda abubuwa za su kasance. Komai ya sami inda zai bar shi, sai karensa Taiga. Ya dube ni, ni ma na dube shi. Mutumin da ya goya ka zuwa asibiti ba ka ce masa a'a, sai na ji bakina ya ce amana ce, na karɓa.

Ya bar mini buhun garin masara, da sarƙa, da umarni ɗaya da ya maimaita har yana bakin mota: kullum da yamma a fita da Taiga yawo. Na yi dariya a raina. Kare da rakiya? Mu karnukanmu su ke kai kansu yawo, su dawo in sun ga dama. Ranar farko ban fita da shi ba. Taiga kuwa ya kwana yana irin kukan nan mai ja da tsofaffi ke cewa yana kiran mutuwa. Gari na wayewa mahaifiyar mai gidan hayarmu ta aiko mini da saƙo cewa ko dai karen ya yi shiru, ko ni da shi mu nemi wani gidan. Na yi tunanin in kwance shi ya tafi yawonsa, sai na tuna ko bakin titi bai sani ba, kuma karnukan mafarautan unguwa ba za su bar masa kunne ba.

Bari in gaya muku ko wane ne Taiga. Ƙato ne, ja, mai faɗin ƙirji, in ka hango shi sai ka canza hanya. Amma duk girman na banza ne, kaza mai 'ya'ya tana iya kora shi har ƙarƙashin gado. Abu ɗaya ya iya a duniya: Mista Fidelis ya koya masa ɗauko takalmi. Da ya ga ka tuɓe takalmi ka matsa, zai ɗauko ya ajiye a gabanka, ya zauna yana jiran yabo. Abin ya burge ni. Har nakan jefa silifa can ƙarshen tsakar gida ya ruga ya kawo, in ba shi ƙuli-ƙuli. Wato ni da hannuna na ƙara masa karatu.

Akwai wani ɗan lambun shaƙatawa a bayan unguwarmu, daga cikin abubuwan da aka yi da ɗokin sabuwar jiha. An kewaye shi da waya, an dasa dogon yaro, an zuba kujerun siminti, har da lilo guda biyu. Mutanen gari ba su gane me ake nufi da a je wuri a zauna ba a saye ba a sayarwa ba, saboda haka awaki suka fi kowa morar wurin, sai wani mai shayi, Ɗan Ige, da ya kafa teburinsa a bakin ƙofa. Nan na zaɓa, don ina ganin ba mai ganina. Don ƙarin tsaro na sayi malafa da baƙin tabarau. Ranar farko da na sa su, tun ban kai ƙarshen layinmu ba mutum uku suka gaishe ni, kowa da sunana.

Abin da na gane shi ne, a Kaura ba wanda zai yarda cewa mutum mai hankali yana janye da kare ba tare da wani dalili ba. Kowa sai ya tambayi inda zan kai shi. In na ce ba ko'ina, shan iska muke yi, sai a dube ni a dubi karen, a ce Allah ya sauwaƙe. Wata tsohuwa mai kiwon awaki ta yanke cewa ba shi da lafiya, ta kawo mini saiwar da zan jiƙa masa. Da ta ga kullum muna dawowa, sai ta fara zargin ni ne ba ni da lafiyar, ta kawo wata saiwar daban. Wani mafarauci ya tare ni ya buɗe bakin Taiga yana duba haƙora, ya ce in zo da shi farautar dajin Zurmi, wannan zai kama gada. Yana cikin yabon ne wata tunkiya ta yi atishawa a bayanmu, Taiga ya zabura ya zagaye ni da sarƙa, na zube a kan gwiwoyina. Mafaraucin ya saɓa gorarsa ya wuce.

Akwai kuma wani matashi ɗan agaji, sabon shiga, kakinsa ma bai sha wanki ba, da ya tsayar da ni ya yi mini nasiha a kan ajiye kare. Na ce masa na gadi ne, kuma amanar maƙwabci ce. Ya auna maganar, sannan ya tambaya, in na gadi ne me ya sa yake ɓuya a bayana. Muka rabu a kan zai tambayo malaminsa, ni kuma in tambayo nawa. Shi kuwa Ɗan Ige mai shayi ya mai da mu abin nishaɗinsa, kullum sai ya tambaye ni yau ni ke jan karen ko shi ke ja na, sannan ya jefa wa Taiga ɓawon burodi.

Duk wannan na jure, don ina da tabbacin abu ɗaya. Na bi ta bayan fage na tambayi Luba, ta ce babanta daga gida sai kasuwa sai masallaci, bai ma san an yi wani lambu a garin ba. (Ita ta san labarin Taiga, kuma tun da na gaya mata take dariya, abin da ya kamata ya zame mini gargaɗi.) Ranar kasuwar Shinkafi kuwa hankalina ya fi kwanciya, don tun asuba yake bin motar hatsinsa, ba ya dawowa sai bayan isha. A irin wannan rana ce na ce yau kam in sha iska kamar kowa. Na bar malafa da tabarau a ɗaki, na sa farar shaddata da sabon takalmin da na saya don zuwa zance, na fesa turare. Wa nake yi wa kwalliya, ni ma ban sani ba.

Mun shiga lambu, Ɗan Ige ba ya kan teburinsa, ya je ɗebo ruwa. Muka bi ta cikin itatuwa ina 'yar waƙata a hankali. Ina zagayo wani kurmin dogon yaro sai na hango mutum biyu a kan kujerar siminti, a can bayansu kuma, a bakin titi, motar hatsi ce an ɗaga bakinta, makaniki ya shige ciki rabi. Na gane rawanin kafin in gane fuskar. Baba Alhaji ne, da amininsa Malam Bawa, wani dattijo da duk Kaura ta san shi da tsokana. Motar ce ta lalace musu a hanya suka juyo, suka sami inuwa suna jira.

Juyawa ba ta yiwuwa, don Malam Bawa ya riga ya ɗago kai. Amma kurmin ya rufe Taiga, ni kaɗai suka gani. A nan ne shaiɗan ya kawo mini shawara, ni kuma na karɓa hannu bibbiyu. Na saki sarƙar a bayan kurmi, na ce wa Taiga ya zauna cikin raɗa, da Hausa da Turanci don kada a sami kuskure. Ya zauna. Na gyara hula na fito ni kaɗai, kamar malamin kirki da ya fito tadabburi bayan la'asar.

Na yi abin da kowane ɗan mutunci ke yi in ya ga surukinsa. Tun daga nesa na tuɓe takalmi, na taka ƙasa da ƙafa, na je na tsuguna, kaina a sunkuye. Na gaishe su da wuni, da gajiya, da sanyi, da kasuwa, na jajanta lalacewar mota. Baba Alhaji yana amsawa a taƙaice yana jan carbi. Har na fara jin daɗi a raina, ina cewa wannan gaisuwa ko a littafi sai haka. Sai na ji wani huci mai ɗumi a wuyana. Ta gefen ido na ga an ajiye takalmina na dama a gabana, daidai tsakanina da ƙafafun Baba Alhaji. Taiga ya zauna a gefena, ƙirji a buɗe, yana share ƙasa da wutsiya.

Malam Bawa ya ce, "Ikon Allah. Malam, wanga kare naka na?"

Da na ce amanar maƙwabci ce, da magana ta ƙare a nan. Kalma uku ce kawai. Amma na tuna mai shan rake, na tuna Luba, sai na ji murya ta fito daga bakina tana cewa, "A'a, Baba, ban san shi ba. Halama na mahalba na." (Abin da nake gode wa Allah a kai har yau shi ne ban haɗa da rantsuwa ba.) Karen maharba ke nan, da jar ɗamarar fata a wuya, da sarƙa tana jan ƙasa, gashinsa yana sheƙi saboda wankan da na yi masa da safe.

Don in tabbatar musu da rashin sanin, na daka masa tsawa na ce ya tafi. Bai tafi ba. Sai na ɗauki takalmin na wurga can nesa, wai ko ya tsorata. Ni a ganina kora ce, shi kuwa a wurinsa wasanmu ne na tsakar gida aka kawo fili. Ya ruga da murna, ya dawo da shi ya ajiye a inda ya ɗauka. Da ya ga ƙuli-ƙuli bai fito ba, sai ya ɗauka aikin ne bai cika ba, ya koma ya kawo na hagu ya jera su. Har yanzu ina tsugune, don ba a sallame ni ba, zufa tana bin bayana tana jiƙa shadda.

Malam Bawa ya gyara zama, ya ce, "Lalle karnukan zamanin ga sun yi ladabi. Bai san ka ba shina kawo maka takalme. Da ya san ka, ai sai shi goya ka har gida."

Na buɗe baki in ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, sai ga Ɗan Ige ya dawo da jarkar ruwa a kafaɗa. Tun daga bakin ƙofa ya ɗaga murya yana tambayar malamin Taiga ina malafa yau, ya ce ya ajiye wa mutumin nawa ɓawon burodi tun safe. Tsohuwa mai awaki ma ta matso tana tambaya ko saiwar ta yi mana aiki, mu duka biyun. Makaniki ya fito da kansa daga cikin mota. Taiga da ya ga jama'a ta taru, kuma ga fuskata ta sauko daidai tasa, abin da bai taɓa samu ba, sai ya ga ranar nuna ƙauna ta zo. Ya ɗora ƙafa ɗaya a kan gwiwata, ya zaro harshe ya lashe ni tun daga gemu har gefen hula.

Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar lambun nan ta bushe kamar siminti. Na saci kallon Baba Alhaji, na ga ya ja gefen rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa suna rawa, carbin ya tsaya cak. Na ce shi ke nan, fushi ne ya kai inda ba ya iya magana. Can ya yi gyaran murya, bai dube ni ba, ya ce, "Tashi ka kai shi gida, magariba ta yi kusa. Ka wanke gemen ga kahin ka shiga masallaci."

Nan take gardama ta ɓarke a kan yadda za a wanke gemun, don a shekarar nan kowa malami ne. Makaniki ya ce sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ɗan Ige ya ce wannan hukuncin ƙwarya ne ba na fuska ba. Tsohuwa ta ce a aske kawai a huta, tun da ba wani yawa gare shi ba. Na bar su suna yi, na ɗauki sarƙar karen da ban sani ba. Ba a sa takalmi a gaban suruki, saboda haka na riƙe ɗaya a hannu, kafin in kai ga ɗayan Taiga ya riga ni. Haka muka ratsa unguwa, shi a gaba da takalmi a baki yana taƙama, ni a baya ba takalmi, ga shaidar ƙafarsa a kan farar shadda.

Na ɗauke ƙafa daga zance. Ina zan sa fuskata? Na yi baƙin ciki sosai, na rame, na riƙa tsara yadda zan nemi a mai da ni wata makaranta can wajen Kurya Madaro inda ba wanda ya san ni. Taiga kuwa cin tuwonsa yake hankali kwance, kuma da yamma ta yi sai ya jawo sarƙa ya tsaya a bakin ƙofa. Dole na ci gaba da fita da shi, don tsohuwar gidanmu ba ta janye sharaɗinta ba. Malafar ma na daina sawa, ba sauran abin ɓoyewa.

Ana nan sai baffana ya aiko daga Zurmi in zo. Na tafi ina shirin karɓar faɗa, na tarar da shi yana dariya har da hawaye. Ya ce Malam Bawa ne ya zo da kansa da saƙon Baba Alhaji, cewa a turo manya, an ba ni Luba. Na zauna a ƙasa ban shirya ba. Ashe Baba Alhaji ya san da zancen kare tun makon farko, har malafar an ba shi labari, kuma bai ga laifi ba ga wanda ya riƙe wa maƙwabci amana. Abin da ya tsayar da maganar daban ne. Duk wanda ya aika bincike sai ya dawo da yabo, salihin yaro, sahun gaba, ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Shi kuwa ya daɗe a kasuwar hatsi, buhun da samansa ya cika kyau sai ya zura hannu har ƙasa. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda bai san aibinsa ba.

Ranar lambu kuwa, in ji Malam Bawa, da ƙyar ya kai gida. Dariya ta hana shi cin tuwo, har uwargidansa ta fara yi masa tofi. Da ya sami numfashi sai ya ce, "Yanzu na ga ƙaryatai, kuma na ga iyakatta. Wanda kare ka kamawa in ya yi ƙarya, ɗiyata ba ta shan wahala wurin kama shi. A ba shi."

Mista Fidelis ya dawo da iyalinsa kafin ɗaurin aure, ya tarar da kemis ɗinsa lafiya, karensa ya ƙara ƙiba, ya zo biki da babbar riga har ƙasa. Hasashen Baba Alhaji kuma bai faɗi ƙasa ba, don tun da Luba ta tare ban taɓa fara wata 'yar kwana a zance na kai ƙarshenta ba, kallo ɗaya take yi mini in dawo hanya. Wasu dukiyarsu aka duba aka ba su mata, wasu iliminsu, ni kuwa an duba an ga ko ƙarya ban iya ba, aka ce na isa. Abin da na koya dai shi ne, in har za ka yi musun sanin wani a gaban manya, ka fara dubawa ka tabbata ba shi da wutsiya.